Sola Mai Araha Na Tafe, Amma Mu Nemi Garanti

Duk mai shago a kasuwar Kilomita Biyar ta Bangui ya san halin wutar ENERCA: ta zo, ta ɗauke, madatsar Boali ba ta wadatar da gari. Ko da aka buɗe tashar sola ta Danzi mai megawat 25 a 2023, ba mu daina sayen man janareta ba. Shi ya sa farantin sola ya shiga sahun kayan da muke ɗaukowa daga Duwala ta Garwa-Bulai.

To, wani sabon samfuri na nan tafe. Ana yin sa ne da sinadarin ferobskait, wanda ake narkarwa kamar tawada a buga a kan leda ko gilashi. A 2009 Farfesa Miyasaka na Japan ya samu kashi 3.8 cikin ɗari na hasken rana ya koma lantarki da shi. Yau an haura kashi 26 a ɗakin gwaji. Kamfanin Saule na Polan ya buɗe masana'antar buga shi a 2021.

Sai dai akwai gyara. Idan tawadar ta bushe, takan zama ƙananan ƙwayoyi kamar gishiri. In ta bushe da gaggawa, sai ta bar ramuka da tsaga, kamar yaɓen da rana ta doka. Ta nan danshi ke shiga, zafi ya ƙarasa ɓarnar. Masana na ta ƙoƙarin daidaita bushewar da ƙara sinadarai don ƙwayoyin su yi girma, su haɗe sosai. Har yanzu bai kai ƙarkon farantin silikon ba, wanda ake ba garantin shekara 25.

Abin lura shi ne, zafi da danshi su ne yanayin Bangui. Ga kuma dalma a cikinsa, mai guba ga yara in an yar da fasasshe a bola.

Don haka, 'yan'uwa 'yan kasuwa, ranar da dillali ya kawo mana shi, mu tambaye shi abu uku: garantin shekara nawa a rubuce, an gwada shi a zafi da danshi, kuma wa zai karɓi wanda ya mutu? Araha ba ta ado. Mai saye ba ya zuwa masana'anta. Ƙofar shagonmu zai dawo, kuma amanarmu ce jarinmu.

Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka.