Turanci A Sauƙaƙe: Sassauci Daban, Waraka Daban

A wannan wata za mu tsaya kan wasu kalmomin Ingilishi da muke gani kullum a jikin kwalin magani ba mu kula da su.

Mu a nan Kuluba da Faransanci muka yi boko. To amma magunguna da dama da ke shigowa Wagadugu daga Gana da Najeriya, da Ingilishi aka yi bayaninsu. Ga shi kuma gyaran tsarin mulki na Disamba 2023 ya mai da Ingilishi harshen aiki tare da Faransanci.

Wadda aka fi gani ita ce "relieve", wato sassautawa, abin da Bafaranshe ke ce wa "soulager". "Soothe" kuwa sanyayawa ce, kamar yadda zuma ke yi wa maƙogwaro. Da ita ma ake faɗin lallashin jariri. "Ease" sauƙaƙawa ce. "Alleviate" ta manyan 'yan boko ce, sai a takardun ƙungiyoyin agaji, wurin maganar rage raɗaɗin talauci.

Jama'a, duk cikinsu babu mai nufin warkarwa. Wannan "cure" ake ce mata. Farasitamol yakan saukar da zazzaɓi, amma ba ya kashe ƙwayar maleriya. Uwa ta ba yaro, jiki ya yi sanyi, ta ɗauka an gama, alhali cutar na nan tana cin jininsa. In zazzaɓi ya kama yaro, musamman da damina, a kai shi asibitin unguwa a gwada jini. A 2016 gwamnati ta mai da jinyar yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta a asibitocinta.