Motar Langa-langa Da Mota Mai Rimot

Duk wanda ya taɓa kwana a Potiskum daren Laraba, ya san garin nan na manyan motoci ne. Da zarar kasuwar shanu ta watse, sai ka ga tireloli sun jeru, ana loda musu dabbobi zuwa Legas da Fatakwal da sauran biranen Kudu. To, da yake abin da babba ya yi shi yaro kan kwaikwaya, ba abin mamaki ba ne a ga yaran garin suna jan tasu tirelar a lungu, wadda suka haɗa da kara ko langa-langa ko gwangwanin madara, suka yanka tsohon silifas suka yi mata tayu.

Yaran Turai da Amurka da Japan su ma suna da irin wannan wasa, sai dai tasu motar a kwali take zuwa. Ɗaya daga cikin masu farin jini ita ce mai shirga-shirgan tayu. Asalinta wani Ba'amurke ne, Bob Chandler, mutumin jihar Misuri, wanda tun daga 1975 ya dinga ƙara wa akori-kurarsa ƙirar Ford tsawo da girman taya, har aka raɗa mata suna Bigfoot. A 1981 ya hau da ita kan tsofaffin motoci ya murƙushe su, sai abin ya zama wasan da jama'a ke biyan kuɗi su kalla. A 1987 kamfanin Tamiya na Japan ya fito da 'yar ƙaramarta mai suna Clod Buster, mai inji biyu, wadda ake sarrafawa daga nesa da rimot.

Abin lura a nan shi ne, ba a haɗe ake sayar da ita ba. Mai saye zai buɗe kwali ya tarar da giyoyi da kusoshi da sifirin da tayu kowanne a ƙunshinsa, da littafin da zai bi. Kafin ya gama ɗaurawa, ya gane abubuwan da wani direban kan shekara goma a kan hanya bai gane ba. Zai ga yadda rimot ke aika saƙo ta iska, wata 'yar na'ura a cikin motar ta karɓa, ta umarci ƙaramin injin da ke karkata tayu dama ko hagu. Zai ga dalilin da ya sa ƙaramar giya ke juya babba: gudu ya ragu, ƙarfi ya ƙaru, shi ya sa tirela mai kaya ba ta hawa tudu da babbar giya. Zai kuma ga abin da ke barin tayar waje ta fi ta ciki gudu a kan kwana. Daga nan sai gyare-gyare: wannan ya sake giya, wancan ya sa wa sifirin mai mai kauri don kada motar ta yi ta tsalle, wani kuma fenti kawai ya dame shi.

Yaron Potiskum ba shi da kwali, ba shi da littafi, amma ta wata fuska ya fi wancan, gama shi ne ke ƙera kayan da hannunsa. Har akan sami mai wayon da zai ciro ɗan inji daga matacciyar rediyo, ya haɗa shi da batir, motar ta tafi ba a ja ta ba. Abin takaici, sakamakonsa sau da yawa faɗa ne, a ce ya bar wasan banza ya je ya yi abin kirki. Ana girma kuma sai a miƙa shi tasha ya zama yaron mota.

Ba a raina tuƙi, gama shi ya gina gidaje da yawa a garin. Amma garin da ke da tireloli haka ya kamata ya haifi masu ƙira, ba matuƙa kaɗai ba. Jelani Aliyu, mutumin Sakkwato, wanda ya zana motar lantarki ta Chevrolet Volt a kamfanin General Motors, da zanen motoci ya fara tun yana yaro.

Ga Kwalejin Ilmi ta Tarayya ta Fasaha a cikin Potiskum, ga kuma attajirai masu motoci. Kuɗin tayar tirela 'yan kaɗan ya isa a sayo irin waɗannan kwalaye a ba makarantun firamare, ɗaliban kwalejin su riƙa zuwa suna nuna wa yara yadda ake kwancewa da ɗaurawa. Sai dai a ja kunnen malamai game da batir: irin na wayar hannu, in aka huda shi ko aka haɗa wayoyinsa ba daidai ba, yakan kama da wuta.