A Rera Waƙa Kafin A Feɗe Ta

Akwai wata ɓarna da a ke yi wa yaranmu a makarantun sakandare, ba kuwa mai tsawatawa, domin ta shigo sanye da rigar ilmi. Ɓarnar nan ita ce yadda a ke koyar da rubutacciyar waƙar Hausa. Yaro ya kan shekara uku a babbar sakandare, ubansa ya sayar da gyaɗa ko ɗan akuya ya yi masa ɗawainiya, ya zauna jarrabawa, ya cika shafi biyu a kan waƙar Sa'adu Zungur ko ta Mu'azu Haɗeja, har ma ya ci, alhali kuwa bai taɓa jin an rera baiti guda na waƙar ba. Wanda ya ke shakka ya tare 'yan makaranta a nan Gwiwa, ko Roni, ko Kazaure, ko Babura, ya ce su faɗa masa jigon waƙa kaza. Zai ji amsa tana zuba kamar ruwan Agusta. Sa'an nan ya ce to, a rera masa baiti biyu. Sai kallon-kallo.

Ga yadda darasin ya kan kasance. Malam ya shigo aji, ya ba yara baya, ya cika allo da rubutu: sunan mawallafi, garin da aka haife shi, jigo, warwarar jigo, zubi da tsari, amsa-amon ciki da na waje, salo da sarrafa harshe. Yara su duƙufa su kwafe. A kaɗa ƙararrawa, a tashi. Ran jarrabawa su mayar wa malam da kayansa yadda ya ba su, ko ƙura ba su kaɗe ba. Waƙar kanta kuwa tana rufe cikin littafi, littafin yana cikin akwatin malam.

Kada a ɗauka ina raina kalmomin nan. Masana ne suka tsara su da wahala, suna da amfaninsu. Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo na Jami'ar Bayero ya kira littafinsa na wannan fanni Ɗaurayar Gadon Feɗe Waƙa, sunan kuwa ya dace, gama nazari fiɗa ne. Amma fa mahauci kafin ya kai akuya gadon fiɗa ya san akuya da ranta, ya ga tafiyarta, ya ji kukanta.  Mu kuwa sai mu ɗauko yaron da bai taɓa ganin dabbar ba, mu miƙa masa ƙaho da kofato da guntun fata, mu ce ya siffanta mana ita. Laifin ba na gadon fiɗa ba ne, na wanda ya fara da shi ne.

To, me ya sa na ke cewa waƙar da ba a rera ba, ba a karanta ta ba? Ga dalili, kuma dalili ne wanda kowane Bahaushe zai iya gwadawa da bakinsa. Karin rubutacciyar waƙar Hausa an gina shi ne a kan nauyin gaɓa, watau jeranta gaɓa mai nauyi da marar nauyi bisa wani tsari da ba ya sāɓawa daga farkon waƙa har ƙarshenta. Abin da ya ke sa gaɓa ta yi nauyi kuwa, ko dai a rufe ta da baƙi, ko a ja wasalinta. To, rubutunmu na boko ba ya nuna jan wasali. Gari da mutane su ke zaune ciki da gari na tuwo rubutunsu ɗaya, amma a baki na farko gajere ne, na biyu ja a ke yi. Haka gado na kwanciya da gado na dukiyar mamaci. Haka dafa abinci da dafa kafaɗar mutum. Ashe ke nan rabin awon waƙar ba ya bisa takarda ko kaɗan, yana cikin bakin mai karatu. Magabatanmu da suka rubuta waƙoƙinsu da ajami sun fi mu sauƙi a nan, domin alif da wawu da ya suna nuna musu inda za a ja. Yaron da aka ce ya gano karin waƙa da ido kawai, daga rubutun boko, an aike shi rijiya da kwando.

Ko shi kansa ilmin aruli, wanda mawaƙanmu suka ari bahar-bahar nasa irin su Kamil da Mutaƙarab da Basiɗ da Ramal, da kunne aka samo shi. Halilu ɗan Ahmadu, mutumin Basra, a ƙarni na 8 na Miladiyya, shi ya fara tsara shi, ya fitar da bahar 15, daga baya aka ƙara na 16. Larabawa sun daɗe suna waƙa kafin a haife shi. Abin da ya yi shi ne ya saurari abin da su ke rerawa, ya auna, sa'an nan ya raɗa wa kowane awo suna. Rerawa ce ta riga, suna ya biyo baya. Mu kuwa mun juya abin, mun ba yara sunaye mun hana su sauti.

Duk wanda ya yi makarantar allo ya san wannan hanya. Alƙur'ani mai girma ya fi ƙarfin a kwatanta shi da waƙa, amma dubi yadda a ke horon kunne a wurin karatunsa: almajiri ya taƙaita maddi guda, malam yana can nesa yana ɗinkin hula, zai ɗaga kai ya gyara masa. In aka zo makarantar ilmi, Ishiriniya da Burda da murya a ke biya su, kowa ya ji su a watan Mauludi. Yaron ƙauye ya kan shiga sakandare da kunnen da aka riga aka wasa, sai makarantar ta ajiye wannan kunne a bakin ƙofa, ta ce da shi ido kaɗai a ke so.

A duba kuma yadda waƙoƙin nan suka yaɗu tun asali. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, da waƙa ta ilmantar da matan karkara. Ta kan naɗa jajis, ta ba su malfa, su haddace waƙoƙinta, su bi ƙauyuka suna biya wa 'yan'uwansu mata waɗanda galibinsu ba su san baƙi ba. Alhaji Aliyu Namangi na Zariya, mai Imfiraji, makaho ne. Bai taɓa ganin baitinsa a takarda ba, a ka ya ke tsarawa, wani ya rubuta. Karin Imfiraji ma daga kiɗan caji ya ɗauko shi, ya zuba masa wa'azi, makafi suka ɗauka suka kai shi kowace kasuwa da kowace tasha a ƙasar Hausa. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa, ya rasu a 1990. Alhaji Aƙilu Aliyu, wanda aka tara waƙoƙinsa cikin Fasaha Aƙiliya a 1977, mutane da yawa a rediyo suka fara saninsa, haka Alhaji Mudi Sipikin da 'yan ƙungiyarsa ta Hikima a Kano. Ko ƙananan littattafan waƙoƙin da Hukumar NORLA ta riƙa bugawa a Zariya kafin a rufe ta a 1959, mutum ɗaya ya kan saya, ya zauna a dandali ya rera, goma su saurara. A cikin mutanen nan duka, wa ya tsara waƙarsa domin a yi shiru a dube ta?

Na san abin da za a ce mini. Na farko, za a ce malami ba maroƙi ba ne, girmansa zai zube in ya tsaya gaban yara yana waƙa. Wannan magana ba ta da tushe. Rera rubutacciyar waƙa ba kiɗa a ciki, ba roƙo, aikin malamai ne tun zamanin Shehu. Mu'azu Haɗeja, ɗan jiharmu, malamin makaranta ne, bai kuwa ji kunyar waƙa ba. Ko akwai malamin sakandare a yau da zai ce ya fi Sa'adu Zungur ilmi ko kwarjini? In waɗannan ba su ƙasƙanta da tsara waƙa ba, mai biya ta ba zai ƙasƙanta ba.

Na biyu, za a ce aji ya cika, littattafai ba su isa ba. Gaskiya ne, amma wannan hujja tawa ce, ba tasu ba. Nazari da ido shi ke bukatar kowane yaro ya riƙe littafinsa. Rerawa kuwa littafi guda ya isa aji duka: malam ya ba da baiti, yara su amsa, kamar yadda jajis suka yi da matan da ba su da ko warƙa ɗaya. Talaucinmu ma shi ya kamata ya kora mu zuwa ga hanyar da ba ta cin kuɗi.

Na uku, za a ce malamin kansa bai san muryar waƙar ba, don shi ma ba a rera masa ba. Wannan ita ce magana mai nauyi, maganinta kuwa yana kusa. Muryoyin waɗansu mawaƙan an ɗauke su, suna yawo a wayoyin hannu. Akwai tsofaffi a garuruwanmu da suka haddace Imfiraji tun suna samari. Malamin da ya je ya durƙusa gaban irin wannan dattijo ya koyi murya bai rage komai ba, tambaya rabin ilmi ce. Kwalejin Ilmi ta Gumel da sauran wuraren horon malamai su ma ya kamata kada su sallami malamin Hausa sai ya iya rera waƙoƙin da zai je ya koyar.

Na huɗu, za a ce hukumomin jarrabawa, WAEC da NECO, ba su ba da maki don rerawa, lokaci kuwa kaɗan ne. To, ai ɗalibin Faransanci a kan zaunar da shi a saurari bakinsa. Me ya hana a yi wa Hausa haka? Kafin a kai can, makin da malam ya ke bayarwa na aikin aji a hannunsa ya ke, ba wanda ya hana shi ware wani kashi don hadda da rerawa. Kuma yaron da waƙa ta zauna a kansa, in aka tambaye shi amsa-amo ba sai ya tuno allo ba, bakinsa zai gaya masa.

Ɓarnar ba ta tsaya ga waƙa ba, ta gangaro har kan insha'i. Ni malamin ofis ne, karatuna bai wuce allo da firamare ba, amma aikina karanta takardun mutane ne, na kuwa ga abin da na gani. Saurayi mai takardar shaidar sakandare ya kan rubuto neman aiki ko kuka a kan gona, ka karanta har ƙasa ba ka gane abin da ya ke so ba. Jimla ta tashi ba ta sauka ba, magana ɗaya a faɗe ta sau uku, wadda a ke bukata kuwa a manta da ita. Dalili a fili ya ke. Shekara da shekaru an saba masa da cewa rubutu shi ne mayar da abin da wani ya faɗa. Ba a taɓa ce masa: ka ji waƙar nan, me ka fahimta, ina hujjarka? Wanda bai taɓa kafa hujja a kan baiti biyar ba, yaya zai kafa ta a kan iyakar gonar ubansa? Mai haddace waƙa kuwa ya kan tara kalmomi, ya san inda magana ta ke numfasawa, ya ga yadda gwani ya ke buɗe zance, ya jera dalilai, ya rufe. Arewa Jumhuriya ko Mulukiya, in aka lura, muhawara ce aka zuba cikin baitoci. Yaron da ya bi ta da murya daga farko zuwa ƙarshe ya ga yadda a ke gina insha'i, ko ba a faɗa masa ba.

Saboda haka ga abin da na ke roƙo ga malaman Hausa, da shugabannin makarantu, da Ma'aikatar Ilmi a Dutse. Duk waƙar da za a koyar, darasin farko a ba rerawa shi ɗungum, kada a taɓa alli. A darasi na biyu yara su riƙa buga tebur da yatsa suna bin gaɓoɓi, har su ji inda nauyi ya ke faɗawa, kowa kuma ya tafi gida da baitocin da zai haddace. A na uku a rufe littafi, a tambaye su abin da mawaƙin ya ke nufi, a bar su su yi gardama, sa'an nan kowa ya rubuta shafi guda da kalmominsa, ya kawo hujja daga cikin waƙar. Bayan wannan duka sai malam ya ɗauki alli ya ce, abin nan da kuka gano shi a ke kira jigo, wancan da kuka ji yana dawowa a ƙarshen baiti shi ne amsa-amo. A sa'an nan sunan zai zauna, domin ya tarar da mai shi a gida.

Iyaye kuma kada ku ce ba ruwanku. In ɗanku ya dawo hutu, bayan sallar lisha ku ce ya rera muku abin da aka koya masa. In ya iya, ku sa masa albarka. In ya tsaya yana lissafa muku jigo da salo, ku je ku gai da malaminsa, ku tambaye shi cikin ladabi ina waƙar ta ke. Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Masu waƙoƙin nan galibinsu sun riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu, ba su da sauran baki sai na 'ya'yanmu. In muka rufe wannan ma, to, mu muka binne su karo na biyu. Allah Ya kiyashe mu da haka, Ya ba malamanmu ikon gyarawa, amin.