Ɓarawon Yanzu Ba Ya Haura Katanga



Mu da muka baro Kano, Katsina, Zariya ko Damagaram muka zauna a nan Dogo Nini da sauran unguwannin Potiskum, babban jarinmu amana ce. Da ita ake ba mu kaya bashi, da ita muke aika wa gida saƙo. To, wannan amanar 'yan damfarar intanet suke farauta, kuma hanyoyinsu sanannu ne.

Ta farko ita ce alat na bogi. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ciniki ya koma tiransifa, har a kasuwar shanu. Mai saye zai sa saƙo ya shigo wayarka tamkar daga banki, ka saki kaya, mota ta tashi. Sai ka je cire kuɗi ka tarar babu ko sisi. Kada kaya su bar hannunka sai ka duba abin da ke asusunka da kanka.

Ta biyu, kiran wai daga banki: an ce za a rufe asusunka saboda BVN, sai ka karanto lambobin katinka da lambar da aka turo maka yanzu. Ka sani, banki ba ya tambayar lambar sirri ta waya.

Ta uku ita ta fi cin mu, mu mazauna nesa da gida. Wani zai kira da sunan taron ƙungiya, ya nemi lambobi shida da suka shigo wayarka. Da ka faɗa, WhatsApp ɗinka ya zama nasa. Sai ya bi 'yan uwanka ɗaya bayan ɗaya: ina asibiti, a taimaka. Wanda ke Katsina ba shi da halin leƙowa gidanka, turawa zai yi. Saboda haka mu yi yarjejeniya da mutanen gida: duk saƙon neman kuɗi, a kira a ji murya tukuna.

Sai kuma masu cewa zuba dubu goma ka kwashi ashirin. MMM ta daskarar da kuɗin jama'a a Disamban 2016, CBEX ta rufta da wasu a Afrilun 2025. Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Ni a ganina, abin da ya fi taimakon waɗannan ɓarayi shi ne kunyarmu. An damfari dattijo, sai ya yi gum don kada a ce an yi masa wayo, gobe a cuci maƙwabcinsa da dabarar nan dai. Akwai dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, akwai EFCC, amma hukuma ba ta bin abin da ba a kai mata ba. Wanda abin ya faɗa wa ya sanar da bankinsa nan take, sannan ya faɗa a majalisa da masallaci. Mu kuma mu daina yi masa dariya, in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Iyaye, yaron da ba ya sana'a ya shigo da waya mai tsada, a tambaye shi inda ya samo.

Allah Ya kare mana halaliyarmu, amin. Sai mun sake haɗuwa.