Wani Lokaci Laifin Rana Ne

Masu karatu, a wannan wata za mu ɗaga kai mu dubi sama. Daga Gumel zuwa Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, akwai gidajen da har yanzu suke kama tashoshin nesa a gajeren zango. Wata rana sai murya ta dushe, ko ta ɗauke ɗungum. Nan da nan maigida ya ce batir ne, ko kuwa yara sun taɓa. Sau da yawa haka ne, amma wani lokaci laifin rana ne.

Duniyarmu kamar babban maganaɗisu take. Rana kuwa kullum tana feso ƙananan ƙwayoyi masu ɗauke da lantarki. Maganaɗisun duniya yakan tare su, ƙarfin ya yi ta taruwa a gefen da dare yake, kamar yaro yana jan danƙon harbin tsuntsu. In ya kai iyaka sai ya saki. Ƙwayoyin da ake kira ilektaron su zubo can ƙuryar arewa da ta kudu, su bugi iska a nisan kilomita 100 ko fiye daga ƙasa. Sai sama ta kama haske, kore da ja, yana kaɗawa kamar labule. Wani masani ɗan Japan, Syun-Ichi Akasofu, shi ya bayyana yadda abin yake tashi yana lafawa, a 1964.

Mu nan ba ma ganin hasken, gama muna nesa da ƙuryoyin nan. Amma girgizar takan iso mana. Da abin ya saki, maganaɗisun duniya yakan yi makyarkyata, kowace kaɗawa daƙiƙa 40 zuwa 150. Na'ura kaɗai ke jinta.

To, ina ruwan rediyo? Muryar gajeren zango takan hau sama, ta bugi wani rufin iska mai lantarki, ta dawo ƙasa. In rana ta yi aman wuta, rufin nan yakan shanye muryar na 'yan mintoci ko awa guda. Bayan kwana ɗaya zuwa uku guguwar ƙwayoyin ta iso, ta sake dama shi. Ba wasa ba ce: a Maris 1989 ta kashe wutar lardin Kwibek na Kanada har awa 9, a Mayu 2024 kuwa an ga hasken har a Meziko.

Saboda haka kafin mu tsawata wa yaro ko mu kai akwatin wurin mai gyara, mu murɗa zuwa tashar FM ta kusa. In ta fito tangaram, batir lafiya lau yake. Mu dakata awa guda, mu sake gwadawa.