Ranar Iyaye Mata: A Tuna Da Waɗanda Ba Su Miƙe Tsaye Ba

 A wannan mako ina so in ɗan ajiye maganar siyasa da tsadar kaya, in ja hankalin shugabannin majami'u da malaman Makarantar Lahadi a kan wani al'amari da ake ɗauka ƙarami ne, alhali kuwa yana sa waɗansu bayin Allah su koma gida da ƙuna a zuci kowace shekara. Maganar kuwa ita ce ta Ranar Iyaye Mata da yadda muke gudanar da ita.

Bara na halarci sujadar wannan rana a wata majami'a da ake sujada da Hausa a nan Ikko. Matan zumunta sun sha anko, ana buga tulu da ganga, waƙa kuwa sai wanda ya ji. Can sai mai jagorar sujada ya ce duk macen da ta haihu ta miƙe tsaye a tafa mata. Daga nan ya ce mai 'ya'ya ƙasa da biyar ta zauna, sa'an nan mai ƙasa da bakwai, har aka bar wata dattijuwa ita kaɗai, aka ba ta turmin atamfa. A bencin da ke gabana akwai wata mata wadda ta yi shekaru masu yawa da aure ba ta sami haihuwa ba, ta sunkuyar da kanta har aka gama. Ta kusa da ita kuwa ta fara miƙewa, sai ta koma ta zauna. Daga baya na ji cewa sau uku tana haihuwa, amma babu ko ɗaya da ya rayu. To, ita wannan baiwar Allah, ta tsaya ne ko ta zauna? Mai jagora bai faɗa ba, domin bai ma yi tunanin akwai irinta a wurin ba.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne na yara. An fito da 'yan Makarantar Lahadi, kowane yaro riƙe da katin da ya zana, aka ce kowa ya ruga ya miƙa wa uwarsa. Nan da nan fili ya watse, sai wani yaro ɗan kimanin shekara bakwai ya rage a tsakiya yana waige-waige. Uwarsa ta rasu wajen haihuwar ƙanwarsa. Kakarsa da ke riƙonsa tana zaune a wurin, amma malamarsu ta ce uwa za a kai wa, shi kuwa yaro abin da aka faɗa masa shi ya riƙe. Sai da tsohuwar ta yafuto shi da hannu kafin ya motsa.

Kada wani ya ɗauka ina sukar bikin ne. Uwa ta cancanci fiye da haka nesa ba kusa ba, kuma babu wanda ya yi wa matar nan ko yaron nan haka da gangan. Rashin lura ne kawai, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

In muka duba asalin ranar, za mu tarar cewa daga ƙasashe biyu ta zo mana. A Ingila akwai tsohuwar al'ada ta Lahadi ta huɗu a cikin azumin Kirista na kafin Ista, inda mutane kan koma babbar majami'ar yankinsu, wadda suke kira uwar majami'a, barorin gida kuma a ba su hutu su je su gai da iyayensu. Al'adar ta yi sanyi, har wata mata mai suna Constance Penswick Smith ta tashi tsaye wajen farfaɗo da ita daga shekarar 1913. Wannan rana ce Anglikan na Nijeriya suke bi. Ta biyun daga Amurka take. Wata mata Anna Jarvis ta shirya sujadar tunawa da mahaifiyarta a majami'ar Metodis ta garin Grafton a watan Mayu na 1908, ta aika da fararen furanni 500, kuma a 1914 Shugaba Woodrow Wilson ya sa hannu aka mai da Lahadi ta biyu a watan Mayu ranar iyaye mata ta ƙasa baki ɗaya.

Ga abin lura a nan. Mahaifiyar Anna ta rasu tun 1905, watau marainiya ce ta kafa ranar domin uwar da ba ta da rai. Ita mahaifiyar kuwa ta haifi 'ya'ya fiye da goma, amma huɗu kaɗai suka girma, abin da ya sa ta kafa ƙungiyoyin mata na koyar da tsabta domin rage mutuwar jarirai. Anna kanta ba ta yi aure ba, ba ta haihu ba har ta rasu a 1948, bayan ta ƙare ƙarfinta da dukiyarta wajen yaƙi da 'yan kasuwar da suka mai da ranar hanyar sayar da kati da furanni. Ashe ke nan da a ce Anna Jarvis tana cikin majami'ar da na halarta, da tana cikin waɗanda za su zauna suna kallo.

Kuma kada a zaci masu wannan ƙunci 'yan kaɗan ne. A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa kimanin mutum 1 cikin kowane baligai 6 a duniya yakan yi fama da matsalar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa. Har ila yau alkaluman da hukumar ta fitar sun nuna cewa a shekarar 2020 mata kimanin 82,000 suka rasu a Nijeriya ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na irin wannan mutuwa a duniya duka. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 kuma ya nuna cewa yara 132 cikin kowane 1,000 da aka haifa ba su kai shekara biyar ba. Daɗin daɗawa ga iyayen da aka raba su da 'ya'yansu da ƙarfin bindiga, irin na 'yan matan Cibok 276 da aka sace a watan Afrilu na 2014. Duk faston da ya hau mumbari a wannan rana, ya tabbata waɗannan mutane suna zaune a gabansa, ko da bai san fuskokinsu ba.

Littafi Mai Tsarki kansa bai ɓoye irin waɗannan mata ba. Ga Hannatu wadda kishiyarta Feninna take tsokana saboda rashin haihuwa, kuma abin lura, a lokacin zuwa sujada a Shilo ne tsokanar take tsananta, har firist Eli ya ga tana addu'a ya zaci buguwa ta yi. Ga Saratu da Rahila da Alisabatu da suka daɗe suna jira. Ga Na'omi wadda ta binne mijinta da 'ya'yanta maza biyu. Musa a hannun 'yar Fir'auna ya tashi, Esta marainiya ce a riƙon Mordekai, Timoti kuma an yaba wa kakarsa Loyis tare da uwarsa Afiniki. Manzo Bulus ya kira mahaifiyar Rufus uwarsa ba tare da ita ta haife shi ba. 'Yan'uwanmu Musulmi ma sun san cewa Annabi Muhammadu (SAW) ya sha nonon Halimatu, kuma yana ɗan shekara shida mahaifiyarsa Amina ta rasu. Mu kanmu a gidajenmu mun san darajar uwar goyo, da goggo, da inna, da yayar da ta bar makaranta domin ta riƙe ƙannenta. Ɗa na kowa ne, haka muka taso muka ji.

Saboda haka ga 'yan shawarwarina. Da fari, a daina gasar yawan 'ya'ya a gaban bagadi, domin haihuwa kyauta ce daga Allah, kuma ba a ba mutum lada a kan abin da ba ƙoƙarinsa ya kawo ba. In za a raba fure ko alawa ko sabulu, a raba wa dukan matan da ke wurin a bakin ƙofa, ba tare da an tambayi kowa komai ba.

Na biyu, a cikin addu'ar jama'a a gode wa Allah domin iyaye mata, sa'an nan a roƙa wa masu jiran haihuwa, da waɗanda suka yi ɓari, da waɗanda suka binne 'ya'yansu, da waɗanda iyayensu suka riga mu gidan gaskiya. Amma a yi shi a dunƙule. Kada a kira sunan kowa, kada kuma a ce masu neman haihuwa su fito gaba a ɗora musu hannu a idon jama'a, gama wannan ya fi barinsu a zaune ciwo. Wadda take so, ta sami fasto ko uwar zumunta a keɓe. Mai wa'azi kuma ya kiyaye harshensa daga danganta rashin haihuwa da zunubi ko ƙarancin bangaskiya, ya kuma tuna cewa sau da yawa matsalar daga wajen miji take.

Na uku, ga malaman Makarantar Lahadi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun da sauran mako biyu, malami ya zauna ya duba sunayen yaransa, ya san wane ne maraya, wane ne ɗan riƙo, wane ne agola, wane ne kuma yake hannun matar uba bayan rabuwar iyayensa. Idan za a zana kati, a ce wa yara su zana wa macen da take kula da su, kuma a bar mai son zana biyu ya zana. Yaron da ya ce shi mahaifiyarsa da ta rasu yake so ya zana wa, a ƙyale shi, kada a ce masa ya manta. Miƙa katin kuwa a bari sai an koma gida, ko a yi shi bayan an tashi. Haka kuma kada a tilasta wa kowane yaro haddar waƙar yabon uwa a gaban taro, a nemi masu so.

Na huɗu, maganar kuɗi. Anko da gudummawar dole sukan hana gwauruwar da mijinta ya rasu ya bar ta da yara zuwa sujada a ranar da ta fi kowa cancantar a girmama ta. Zai fi kyau a ware wani kashi na baikon ranar a biya wa matalauta masu ciki kuɗin awo, ko kuɗin makarantar marayu, matasa kuma su je asibiti su ba da jini, tun da zubar jini na cikin manyan abubuwan da ke kashe mata wajen haihuwa. Wannan ya fi kusa da aikin da mahaifiyar Anna Jarvis ta yi da rayuwarta.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kafin a tsara shirin bana, dattawan ikkilisiya su kira mace ɗaya ko biyu daga cikin waɗanda suka saba ƙin zuwa sujada a wannan Lahadi, su tambaye su dalili cikin sirri da ladabi. Amsar da za su ji ta fi duk abin da na rubuta a nan amfani.

Allah ya saka wa iyayenmu mata da alheri, ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya share hawayen masu jira. Sai mun sadu a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.