Majalisar Dokokin Kamaru: Ka'idar Rabon Kujeru Ta Fi Ƙuri'a Nauyi

Ɗalibin da ke sauraron labaran Hausa zai ji ana cewa "majalisar dokokin Kamaru" kamar guda ɗaya ce. Tun 2013 majalisu biyu ne. Akwai ta dattawa mai mutum 100, wadda shugaban ƙasa ke naɗa 30 daga ciki, sai ƙaramar majalisa mai mutum 180 da jama'a ke zaɓa kai tsaye na wa'adin shekara biyar. Wasu masu fassara kan kira ƙaramar "majalisar wakilai" don ta yi daidai da ta Nijeriya. Sunan ya zauna a kunne, amma yana ɓoye bambanci mai girma, kuma bambancin ne ya dame ni.

A Nijeriya mazaɓa ɗaya wakili ɗaya ne: kujeru 360, kowace da mai ita. A Kamaru wasu mazaɓun kujera ɗaya gare su, wanda ya fi ƙuri'a ya ɗauka. Amma mazaɓu da yawa suna da kujeru biyu, huɗu ko fiye, kuma a nan jam'iyya ce ke gabatar da jerin sunaye, mai zaɓe ya ɗauki jerin dungurungum, ba ya cire suna, ba ya ƙarawa. Jerin da ya haura rabin ƙuri'u shi ke kwashe kujerun mazaɓar kaf. In babu wanda ya haura rabi, na gaba ya ɗauki rabin kujerun, ragowar a raba gwargwadon ƙuri'u, a bar duk jerin da bai kai kashi 5 cikin 100 ba.

Mu ɗauki mazaɓa mai kujeru shida. Jam'iyyar da ta sami kashi 51 ta tafi da shida, wadda ta sami kashi 49 ta koma gida hannu rabbana. Kusan rabin mutanen mazaɓar ba su da mai magana da yawunsu har shekara biyar. Masu kare tsarin suna cewa yana samar da gwamnati mai ƙarfi a ƙasa mai harsuna sama da 200, kuma dokar zaɓe ta wajabta wa kowane jeri ya ƙunshi al'ummomin mazaɓar da kuma mata. Ban raina wannan hujja ba. Ɗan ƙaramar ƙabila kan shiga majalisa ta hanyar jeri alhali da shi kaɗai ya tsaya ba zai kai labari ba. Sai dai wanda uwar jam'iyya ta rubuta sunansa ya san wa zai gode wa, kuma ba mai zaɓen Garwa ko Marwa ba ne.

Tarihi ya nuna abin da ka'idar ke haifarwa. A zaɓen 1992, na farko bayan dawowar jam'iyyu da yawa, RDPC ta Shugaba Paul Biya ta sami kujeru 88 ne kawai, UNDP ta Bello Buba Maigari ta sami 68, duk da SDF ta ƙaurace. Sai da RDPC ta haɗa kai da MDR mai kujeru shida kafin ta sami rinjaye. A 2020, da MRC ta ƙaurace, RDPC ta kwashi 152, UNDP ta tsira da bakwai, SDF biyar. Ƙauracewa a irin wannan tsari kyauta ce ga mai mulki, domin tana sauƙaƙa masa haura rabin nan a kowace mazaɓa.

Akwai kuma rabon kujeru tsakanin yankuna goma, wanda ba a cika tattauna shi ba. Yankin Kudu yana da kujeru 11, yankin Arewa mai hedkwata a Garwa yana da 12, alhali ƙidayar 2005 ta nuna mutanen Arewa sun ninka na Kudu fiye da sau biyu. Ke nan ƙuri'ar manomin Benuwe ba ta kai nauyin ta ɗan Ebolowa ba tun kafin a buɗe rumfar zaɓe. An daɗe ana nuna cewa ɗan Arewa Mai Nisa ne ya shugabanci majalisar, Cavayé Yéguié Djibril, wanda ya hau kujerar a 1992 ya shafe fiye da shekara 30 a kanta. Muƙamin mutum ɗaya ba ya cike giɓin wakilcin miliyoyi.

Ko wa'adin shekara biyar ɗin ma ba tsayayye ba ne. Tsarin mulki ya yarda a tsawaita shi idan hali ya tilasta. Majalisar da aka zaɓa a 2013 ta zauna har 2020, wadda ta gaje ta kuma ta amince a 2024 da ƙara wa kanta shekara guda, abin da ya tura zaɓenta bayan na shugaban ƙasa na Oktoban 2025. Gyaran da nake ganin ya fi gaggawa shi ne a soke ladan rinjayen nan a mazaɓu masu kujeru da yawa, a raba kujerun duka gwargwadon ƙuri'u, sannan a sake lissafin rabon yankuna bisa ƙidaya.